Tsumma na Biyar

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Matameye, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa a gare ka, da maiɗakinka Nana, da amaryata, jaririyarku Zainabu, wadda ta cika kwana arba'in shekaranjiya, mai sunan mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta da rahama. Allah ya tsare ku a gida da daji, ya sa hanyar Gure ta yi muku sauƙi, ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki.

Kada ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Jibi za ka kwashi iyalinka ka tafi inda aikin gyaran famfunan ruwa ya kai ka, kuma akwai maganar da bakina ya kasa fitarwa in kana tsaye a gabana. Malamin da ya koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, lokacin da furfura ta riga ta cika mini gemu, yakan ce mana takarda ba ta jin kunya. To yau zan gwada maganarsa.

Jiya da ka dawo daga Damagaram da kart-giris, takardar tsohuwar motarmu da aka sauya wa lambar inji, ka tada motar, sai ka tsaya ka karkata kai, ka ce, "Baba, wa ya taɓa mini kafireta? Ba haka na bar ta ba. Muryarta ta fi daɗi." Na ce maka ƙila hutawa ta yi. Ƙarya na yi maka, kuma in sha Allahu ita ce ta ƙarshe da zan yi a kan motar nan. Wanda ya taɓa ta shi ne Illiya mai faci na bakin tasha, mutumin da na zalunta tun kana ɗan shekara takwas. Labarin ke nan da nake so ka tafi da shi.

Amma bar ni in fara da abin da har yanzu ban gama mamakinsa ba. Shekara ashirin da biyu akori-kurar nan tana durƙushe a gindin darbejiyar tsakar gida. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, awaki sun haihu a ƙarƙashinta, har katanga muka ja muka toshe hanyar da ta shigo, kamar wadda aka binne da rai. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun fi a ƙirga, duk na kore su. Mutane suna cewa tsananin so ne nake yi mata. Akwai so, ban musa ba. Amma tsoron kada wani ya buɗe cikinta ya fi son yawa.

Sai ga ka da inji daga Damagaram, na wata 'yar'uwarta da gangar jikinta ta ruɓe amma cikinta yana da rai. Ka kafa ƙarafa uku kamar murhu, ka rataya sarƙa, ka yi bismillah. Ina zaune a kan buzu ina kallo tsohon injin ya taso a hankali, baƙi ƙirin, da gidajen zanzaro manne a jikinsa, yana lilo a sama kamar sa da aka rataye a mahauta. Hajiya Mariyama maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "La ilaha illallahu! Malam Haruna, kana zaune ɗanka ya zare wa tsohuwa hanji?" Na ce, "Sabo zai sa mata, Hajiya. In kina so ke ma a yi miki layi." Ta ce ita nata na asali ne, bai taɓa bugawa a hanyar Yauri ba. Na yi dariya tare da kowa, amma maganar ta same ni inda ba ta nufa ba.

Da ka sauko da sabon, ƙafafunsa suka ƙi zama a mazauninsu, saura faɗin yatsa biyu. Da ni ne, wallahi guduma zan ɗauko. Kai kuwa ka auna da zare, ka zana a kwali, ka kai wa mai walda, ka dawo, bai yi ba, ka koma, har sau uku, ba ka ɗaga murya ba. A nan na fara gane cewa hannun da na haifa ya fi nawa hankali.

Ranar tadawa ka miƙo mini makulli ka ce, "Baba, kai ka kashe ta, kai za ka tada ta." Wasa kake yi, ba ka san gaskiyar da ka faɗa ba. Na murɗa, ta yi tari. Na sake, ta yi tari biyu ta yi shiru. A na uku sai ta kama. Mutari, na yi shekara saba'in ba kaɗan a duniya, na ga ɗawafi da idona, na ga ruwan farko ya sauka a kan gonar da muka fid da rai da ita, amma ban san ƙarar ƙarfe za ta iya sa mini hawaye ba. Kujerar tana rawa a ƙarƙashina irin rawar da na sani, kaji suka watse, hayaƙi ya tashi ya bi ganyen darbejiya. Amaryata da ke ta kuka a bayan uwarta ta yi tsit, ta buɗe ido tana neman inda sautin yake. Na zauna riƙe da sitiyari ina tunanin ikon Allah: ɗigon isansi, wato fetur, da iska, da ɗan tartsatsin da bai kai ƙwayar gero ba, su haɗu a cikin duhun ƙarfe su tada abin da mutum goma ba sa iya ɗagawa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Kashegari ka ce bari ka buɗe tsohon injin ko akwai abin da zai yi amfani. Na so in hana ka, na rasa dalilin da zan ba ka. Ka kwance kaskon baƙin mai, ka sa yatsa a bakin rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, ka jawo wani abu baƙi a dunƙule. Ka warware shi a kan gwiwarka, ka zuba masa isansi, ka murza. Sai ga zanen ganye kore da tsuntsaye masu ruwan ɗorawa. Na ga lokacin da ka gane shi, domin da wannan atamfar mahaifiyarka ta goye ka, ita ce a hoton da ke ɗakina. Ka ɗago ka dube ni, ni kuwa na duƙufa a kan carbi kamar ban san ana yi ba. Ka ninke shi ka sa a gwangwanin tumatir, ka ajiye a bakin ƙofata.

Ga yadda ya shiga.

Kai a matsayin mai faci ka san Illiya, tsoho mai kwanon ruwa da robar liƙe taya. Lokacin da nake maganar nan, daga Dawce har Kurni babu makanike kamarsa. Direbobi daga Damagaram suna tsallake garejin birni su zo wurinsa. Tare aka yi mana kaciya, shi ya riƙe mini dokin ango. A wancan lokacin rake nake ɗauka da motar nan daga fadama zuwa kasuwanni, da ta fara hayaƙi sai ya zo nan gida ya sauke injin, ya wargaza shi a kan tabarma, ya gyara abin gyara, ya haɗa. Saura 'yan abubuwa a ɗaura a gefe sai aka aiko masa cewa kawunsa ya rasu a Kurni. Ya wanke hannu ya ce, "Haru, kwana uku zan yi. Kada ka taɓa. Ko kallo in za ka yi, ka yi daga nesa."

Bai daɗe da fita ba hadari ya taso daga gabas da iska a gabansa. Ka san yashin garin nan, in ya shiga inji ya gama da shi, shi ya sa kowane makanike yake toshe duk wata kafa da tsumma. Na shiga ɗaki da gudu na fizgo tsohon zanen mahaifiyarka daga kan igiya, na yaga shi gida biyar, na cusa a kafa biyar. Wannan daidai na yi. Abin da ya biyo baya ne ɓarna. Kwana biyu ina zagaya motar, ga masu kaya suna ta aike, ga zuciya tana ce mini ai ka sha ganin yadda yake yi, noti nawa ne suka rage? Na ɗauko kile, abin ɗaure noti, na hau aiki. Na cire tsummoki na watsar a ƙasa, na ɗaura abin da ya rage, na tada ta, ta tashi lafiya lau. Sai da na zo share wurin na tattara tsummokin, na ga huɗu ne a hannuna. Na duba ƙarƙashin mota, na duba gindin itace. Sai na ce wa kaina iska ce ta ɗauke na biyar, ko akuya ta ci. Na wanke hannu na tafi masallaci.

Ɗana, in gwani ya ce ka jira shi, ka jira shi. Kallon aiki sau ɗari bai kai yin sa sau ɗaya a gaban mai shi ba. Kuma in ka ƙirga abu ya ƙi cika, kada ka tashi daga wurin da labari mai daɗi a bakinka. Duk ɗan Adam akwai mai ba shi irin wannan labari a cikin ƙirjinsa, kullum da iska ko akuya a shirye. Kwance aikin yini guda ya fi sauƙi a kan abin da ni na ɗauka. A can inda za ka, rijiyar gari guda ce za a damƙa maka, mata da dabbobi suna jiranka a rana. Ranar da za ka ji sha'awar rufe famfo bayan gyara alhali wani ƙaramin abu yana sukar ranka, ka tuna da ni.

Da Illiya ya dawo ya ga mota a tsaye tana aiki, ya girgiza kai ya duba ɗaurin da na yi, bai ga aibu ba, domin aibun yana ciki. Kwana tara bayan haka, a hanyar Yauri, cike da rake, injin ya yi wata ƙara kamar ana dakan ƙarfe a turmi, ya buga. Shanu ne suka jawo ta gida. Tun a kan hanya na san ko mene ne. Amma da muka iso tasha mutane suka taru suna tambaya, sai na ji bakina yana cewa, "Ku tambayi Illiya, shi ya buɗe ta." Da na faɗa sau ɗaya sai na biyu ya zo da sauƙi, har na ƙara da cewa wa ya san abin da ya cire ya sa wa wani. Ya zo har zauren nan ya ce, "Haru, bari in buɗe ta a gaban mutane mu ga abin da ya faru." Na ce hannunsa ba zai sake taɓa motata ba. Mahaifiyarka ta tambaye ni sau ɗaya, cikin sanyin murya, ko na tabbata da abin da nake faɗa. Na daka mata tsawa. Ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah.

Ban san shawarar da zan ɗora a kan wannan ba wadda ba ka riga ka sani ba. Sai dai in gaya maka yadda abin yake daga ciki, tunda ni na zauna a cikinsa. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, a yi mini dariya a tasha a ce Haruna ya yi karambani. Don gudun wannan na rasa mota, na rasa amini, na kuma zama mai gadin gawa a tsakar gidana. Ka tuna ranar da na same ka kana ƙoƙarin ɗaga murfin gabanta, na zane ka da igiyar guga? Ba ka yi laifin komai ba. Tsorona ne ya doke ka. Ka yafe mini wannan. Kuma in wata rana Nana ta tambaye ka cikin sanyin murya ko ka tabbata, ka tsaya ka saurara. Mace ba ta yin irin wannan tambaya sai ta riga ta ga wani abu.

Abu ɗaya ya faranta mini a aikin nan fiye da yadda ka zata. Da za ka fara kwance-kwance ka tara gwangwanayen tumatir, ka ba ni biro da takarda, ka ce ni ne magatakarda. Kowane noti da gwangwaninsa, kowace waya da 'yar takardarta, kowane tsumma da ka toshe kafa da shi sai ka ce, "Baba, rubuta, na uku, bakin famfon isansi." In ka cire sai in soke. Ni da na yi rabin rayuwata ina dangwala yatsa a takardun motar da nake tuƙawa, na ƙi lakwal, makarantar boko, ina yaro, na yi wa yaƙi da jahilci dariya ina babba ina cewa karatun tsofaffin da ba su da aikin yi ne, yau ga ni da rubutuna ana ɗaura inji. Da na iya wannan a wancan lokacin, da takarda ta tsaya mini a gaba ta ce biyar ne, ba ta san wata akuya ba. Ka sa amaryata a makaranta da wuri, ta allo da ta lakwal duka. Kada ka bari ta jira furfura.

Gwangwani ɗaya ne kawai ka bari ba rubutu, wanda ka ajiye a ƙofata. Kwana huɗu ina tsallake shi. Ranar Litinin da ka tafi Damagaram na ɗauke shi na nufi tasha.

Na sami Illiya a rumfarsa ya danna tiyub a cikin kwanon ruwa yana neman inda yake fitar da kumfa. Shekarun nan duka gaisuwar jana'iza kaɗai ke haɗa mu. Ya ɗago ya ce, "Haru? Makuwa ka yi? Ba ka da keke, ba ka da amalanke. Me zan liƙe maka, baki?"

Na ce, "Shi ya kamata a liƙe tun shekara ashirin da biyu."

Na durƙusa a ƙasa, na zazzage gwangwanin a gabansa, na faɗa masa komai, da iskar, da biyar ɗin, da huɗun. Bai katse ni ba. Ya ɗauki tsumman ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye. Sannan ya buɗe tafin hannayensa biyu yana kallonsu kamar baƙin da suka dawo daga doguwar tafiya.

Ya ce, "Ashe ba ku ba ne." Da hannayen yake magana, ba da ni ba. Can ya ce, "Haru, ka zaci maganar tasha ce ta raba ni da inji? Mutane sun manta da ita kafin a yi girbi. Ni ne ban manta ba. Na sake ɗaura injin nan a cikin kaina ya fi sau dubu, noti bayan noti, ina neman inda na kuskure. Da na rasa sai na ce to hannun ne ya fara yin abin da mai shi bai sani ba. Irin wannan hannu bai kamata ya taɓa motar da za ta ɗauki 'ya'yan mutane ba. Taya kuwa in na yi kuskure, ruwa zai nuna mini."

Mutari, wannan ne ban taɓa lissafawa ba. Ina zaton sunansa na ɓata. Ashe yardar da ke tsakaninsa da hannunsa na sace.

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Ban kai nan ba tukuna. Ina motar?"

Muka taho tare, yana gaba ina baya. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce in tada. Ya ciro wani tsohon turnabis, wato sukudireba, daga aljihu, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa nan ya saurara, ya matsa can ya saurara, kamar likita a ƙirjin jariri.

Ya ce, "Wa ya ɗaura wannan?"

Na ce, "Mutari."

Ya ce, "To ɗan Zainabu ne, kai ba ka da komai a ciki. Aiki ya yi kyau. Sai dai tana haɗiyar isansi kamar bazawarin raƙumi." Ya sa turnabis a kafireta ya murɗa ɗan abin da bai kai rabin zagaye ba, sai ƙarar ta kwanta, ta zama sumul, har ina jin kukan kurciya a kan darbejiya. Ya daɗe a tsaye yana sauraro. Nana ta kawo masa ruwa da jaririya a kafaɗa, ya tambayi sunanta, da aka faɗa masa ya karɓe ta ya ce, "Sannu Zainabu, zanenki ya dawo gida." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Amma da sharaɗi: ko majina ka ga inji yana yi, kada ka ƙara kusantarsa da tsumma."

Yanzu ga roƙona. A tasha na ɓata shi, a gaban mutane, yafiyar tsakar gida ba ta isa ta wanke wannan ba. Jibi da hantsi, in mun fasa katanga mun fito da motar, kafin ka ɗora kaya, ina so ka tuƙa mu zuwa tasha. Illiya zai zauna a gaba kusa da kai. Ni zan hau baya inda rake yake zama, in tsaya in faɗi abin da na yi da ƙarfi, tsofaffin direbobin da suka ji ta farko su ji ta biyu. Na san za ka ji nauyi, za ka ce Baba a bar shi haka. Kada ka hana ni. Dariyar da na guje wa tana nan tana jirana, gara in je in karɓe ta da ƙafata tun ina iya hawa bayan mota.

Daga nan motar taka ce. Ka riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin ka murɗa makulli, ka bar ta ta ɗumama, kada ka yi tsere da motocin zamani, ta girme su. Tsumman na wanke shi da sabulu, na sa shi a aljihun gaban mota tare da takardar nan. Da shi za ka riƙa goge sandar auna mai. In amaryata ta yi wayo ta tambaye ka ko na mene ne, ka gaya mata zanen mai sunanta ne, ka kuma gaya mata sauran, kada ka rage mini komai. Na buɗe littafin aikinmu na rubuta shi a shafin ƙarshe, na biyar, na soke shi da hannuna.

Allah ya yi maka albarka yadda ka rufa mini asiri har na iya tona shi da kaina. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya ba ka maƙwabta nagari da amini irin Illiya, ya kuma ba ka hankalin riƙe shi. Allah ya raya Zainabu a kan imani, ya nuna mini ranar da za ta karanta wannan da bakinta. Ku sauka lafiya, ku same mu lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna, da hannunsa.